Gwarinpa a Taswirar Waya: Wa Zai Zuba Bayani, Wa Zai Gyara Shi?

Duk wanda ya san Abuja ya san rukunin gidajen Gwarinpa ba kara-zube ya tashi ba. A kan takarda aka fara shata shi, aka ja manyan tituna bakwai, daga 1st Avenue zuwa 7th Avenue, aka rataya musu ƙananan hanyoyi da layuka masu lamba da harafi, sannan Hukumar Gidaje ta Tarayya, wato FHA, ta shiga gini a shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha. Faɗinsa ya haura hekta 1,000, shi ya sa ake yawan kiransa rukunin gidaje mafi girma a Afirka ta Yamma. Wuri mai tsari haka bai kamata ya ɓatar da baƙo ba. Duk da haka, mai neman gida a Gwarinpa ba kasafai lambar titi take kai shi ba. Sai a ce masa ya sauka a Charly Boy, ko Galadima, ko Setraco, sannan ya kira a ƙara masa kwatance. In kwatancen ya ƙi ci, maganar takan ƙare da jimla guda wadda yanzu ta zama ruwan dare a bakin direban Bolt da mai kai kaya a babur da baƙon da ya zo ɗaurin aure: "Turo min lokeshan." Wannan jimla shaida ce cewa taswirar da ke cikin waya ta riga ta karɓe aikin adireshi, ba tare da wata hukuma ta zauna ta naɗa ta ba. Ra'ayina a nan shi ne, tun da abin ya kai haka, ingancin wannan taswira ya zama lamarin jama'a daidai da kwalta da magudanar ruwa, kuma ba za ta inganta ba sai mazauna da hukumomi sun ɗauki nauyin zuba mata bayani da gyara shi.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a san yadda wannan taswira take aiki, domin da yawa suna ɗaukarta abu guda, alhali abubuwa uku ne aka ɗora kan juna. Na farko shi ne sanin inda mutum yake tsaye. Wayar tana sauraron saƙon taurarin ɗan'adam na GPS, aƙalla huɗu a lokaci guda, ta auna tsawon lokacin da saƙon kowanne ya ɗauka kafin ya iso, ta fitar da lambobi biyu da ke nuna matsayinta a doron ƙasa. Gwarinpa tana wajen digiri 9 arewa da digiri 7 gabas, kuma a fili, inda gini bai tare sama ba, kuskuren waya bai cika wuce 'yan mitoci ba. Na biyu shi ne zanen ƙasa: tituna, gine-gine, rafuka da duwatsu, wanda ake ajiyewa gunduwa-gunduwa, wayar tana janyo gunduwar da ake bukata kawai duk lokacin da aka matso da wuri ko aka nisanta shi da yatsa. Na uku shi ne bayanin da ake ɗorawa a kai: sunan titi, lambar gida, asibiti, masallaci, lokacin buɗe shago, hanyar da aka rufe. Wannan fasaha ba tsohuwa ba ce. A watan Mayun 2000 gwamnatin Amurka ta daina dusashe saƙon GPS ga farar hula, a 2004 aka kafa OpenStreetMap a Ingila, taswirar da kowa zai iya gyarawa, a 2005 Google Maps ta fito, kuma sai a 2019 kamfanin Google ya ƙara wa Najeriya jagorar masu babur da hotunan titunan Abuja.

Abu na farko da na biyu na'ura ce take yin mafi yawansu. Na ukun kuwa, wanda shi ne mai amfanin, aikin mutum ne. Tauraro yana ganin rufin gida, amma bai san lambarsa ba. Yana ganin layi ya haɗu da titi, amma bai san mazauna layin sun sa ƙofar ƙarfe da ake kullewa da dare ba, don haka sai waya ta tura direba hanyar da za ta kai shi bakin kwaɗo. Bai san gidan da aka gina don iyali a 1st Avenue ko 3rd Avenue yau ya zama banki ko otal ko makaranta ko rukunin shaguna ba, kuma duk mai bin waɗannan tituna ya san yadda kasuwanci ya cinye gidajen zama a bakinsu. Bai san wani titin yana da lamba a takardar gini, da sunan wani babban mutum a allon da aka kafa daga baya, da kuma wani sunan na uku a bakin masu Keke Napep ba. Taswira kamar rijiya ce, in aka haƙa ta aka bar ta babu yasa, sannu a hankali ƙasa za ta cike ta, kuma mai ɗiba ba zai ankara ba sai ranar da gugarsa ta fito da laka. Unguwar da ke sauya kama duk shekara kamar Gwarinpa, wadda sababbin rukunan gidaje suke ta tsirowa a kewayenta ta ɓangaren Dawaki da Karsana, ita ce ta fi bukatar mai yasa.

Wanda yake ganin wannan magana ta 'yan gayu ce, ya dubi abin da ya faru a yaƙi da cutar shan-inna a Arewa. A 2012 an samu yara 122 da cutar ta kama a Najeriya, fiye da rabin adadin duniya baki ɗaya a shekarar. Ɗaya daga cikin matsalolin da aka gano ita ce taswirar da ma'aikatan rigakafi suke aiki da ita zanen hannu ce, wadda ake yi daga ƙwaƙwalwa, kuma akwai rugage da ƙananan ƙauyuka da ba sa cikinta sam. Inda iyakar mazaɓu biyu ta haɗu, kowace tawaga sai ta ɗauka wurin na ɗaya tawagar ne. Da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, da aikin ƙungiyoyi irin su eHealth Africa mai babban ofishi a Kano, aka ɗauko hotunan tauraro aka zana matsugunai, sannan aka tura mutane ƙafa da ƙafa su tabbatar da sunan kowane wuri daga bakin masu shi. Aka kuma ba tawagogi wayoyi masu GPS don a ga inda suka taka da inda suka tsallake. A 2014 adadin ya sauko zuwa 6, na ƙarshe a Kano ya bayyana a ƙaramar hukumar Sumaila a watan Yulin shekarar, cutar ta sake ɓulla a Borno a 2016, sannan a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Ba taswira kaɗai ta yi wannan aiki ba, sarakuna da malamai da ma'aikatan lafiya su ne ƙashin bayansa. Amma darasin a fili yake: hoton sama bai yi amfani ba sai da aka haɗa shi da sanin ɗan gari, kuma wanda ba ya cikin taswira, hidimar gwamnati takan wuce shi.

A Gwarinpa ma lissafin haka yake, ko da yake matsalolin daban ne. Mai kiran lambar gaggawa ta 112 saboda gobara ko haihuwar da ta zo da gardama ba shi da lokacin yin kwatance mai hawa uku, kuma motar 'yan kwana-kwana ba za ta iya juyawa cikin sauƙi ba in ta tarar da ƙofa a kulle. Macen da ke sayar da atamfa ko turaren wuta ko abinci daga gida ta WhatsApp da Instagram, ribarta takan tafi a kuɗin kira da ƙarin kuɗin mai kai kaya da ya yi ta zagaye. Ga batun ruwa. Bayan ambaliyar da ta mamaye rukunin gidajen Trademore a Lugbe a watan Yunin 2023, kowa ya ga abin da gini a kan hanyar ruwa yake haifarwa, kuma Gwarinpa ma tana da rafuka da kwalbatoci da ke cika da damina. Da mazauna kowane layi suna sa alama a taswira guda duk inda ruwa ya kwanta ko kwalbati ta toshe, da kwanan wata da hoto, cikin damina biyu za a samu hujjar da ta fi takardar koke ɗari nauyi a gaban hukuma, domin za ta nuna inda matsalar take maimaituwa da kuma inda ta samo asali. Haka ma zaɓe. A 2021 hukumar INEC ta ƙara rumfunan zaɓe zuwa 176,846, aka sauya wa wasu masu zaɓe rumfa, kuma sanin inda sabuwar rumfa take kafin ranar zaɓe aiki ne da taswira ingantacciya take yi cikin daƙiƙa.

To, alhakin wa ne? Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya sa raɗa wa tituna suna da ba gidaje lamba cikin ayyukan ƙaramar hukuma, wadda a nan ita ce majalisar AMAC. Amma FHA ce ta gina rukunin kuma takardun gidajensa suna hannunta, hukumar raya birnin, FCDA, ita ce mai kula da babban tsarin Abuja na 1979, sannan tun 2003 aka kafa AGIS, zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake ministan birnin, don a mayar da bayanan filayen birnin cikin kwamfuta. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja ma yana da nasa jerin gidajen da yake kai wa takardar kuɗin wuta. Ke nan bayanin yana nan, sai dai a rarrabe yake, kuma an tara shi ne don sayar da fili da karɓar haraji, ba a yi tunanin mai neman hanya ba. An sha gwada gajeriyar hanya. A 2017 hukumar gidan waya ta NIPOST ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin what3words, wanda ya yanka duniya murabba'i-murabba'i na mita uku, kowanne da lakabin kalmomi uku, kuma a shekarar ce Ghana ta ƙaddamar da nata tsarin adireshin na GhanaPostGPS. Har yau da wuya ka ji mazaunin Gwarinpa yana ba da adireshinsa da kalmomi uku. Dalilin a bayyane yake: mutane ba sa rungumar tsarin da aka sauko musu da shi daga sama in bai san sunayen da suke kiran wurarensu da su ba.

Nan ne ƙorafi na farko yake shigowa, kuma yana da ƙarfi. Za a ce Bahaushe ya daɗe da cewa matambayi ba ya ɓata, kwatance ya kai mutane Makka da Gwanja tun kafin a ƙera waya, kuma tambayar hanya tana haɗa zumunci tsakanin baƙo da mai shayi da mai gadi. Gaskiya ne, kuma ba kira nake a yar da kwatance ba. Kwatance ilimi ne na gaske, sai dai yana da rauni biyu: yana bukatar a samu wanda za a tambaya, kuma yana rushewa ranar da aka sare bishiyar ko aka sauya wa gidan man suna. Da ƙarfe biyun dare babu mai shayi a bakin titi, mai gadi kuma ba zai buɗe wa baƙuwar mota ba. Abin da ya dace shi ne a zuba kwatancen a cikin taswirar, a sa sunayen tashoshin keke da mahaɗun hanya da masallatai da majami'u kamar yadda jama'a suke kiransu, kusa da sunan hukuma. Kuma kada wani ya ce zanen ƙasa baƙon abu ne a wurinmu. A 1824, da Bature Hugh Clapperton ya isa Sakkwato, daga fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya samu taswirar ƙasashen wannan yanki da kogin Kwara, aka kuma buga ta a Landan a 1826. Masu ƙasa ne suka zana, baƙo ya karɓa.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, wato tsaro. Bayan sace-sacen mutane da aka yi a yankin Bwari a farkon 2024, babu mai hankalin da zai raina tsoron magidancin da ba ya son a nuna ƙofar gidansa ga duk mai waya. Ƙofofin ƙarfen da ke bakin layuka ma wannan tsoron ne ya kafa su. Amma a lura da abu biyu. Hotunan rufin kowane gida a Gwarinpa sun riga sun shiga wayar kowa shekaru da dama, kuma ɓarawo ko mai garkuwa da mutane ba da taswira ya fi dogara ba, da ɗan leƙen asiri na kusa yake aiki. Wanda rashin taswira yake wahalarwa shi ne baƙon kirki: likita, ɗan kwana-kwana, jami'in tsaron da aka kira daga wata unguwa. Maganin shi ne a raba bayani gida biyu. Sunan titi, lambar gida, asibiti, ofishin 'yan sanda da wurin da ruwa ke kwanciya na kowa ne. Sunan mai gida, sana'arsa, lambar wayarsa, makarantar 'ya'yansa da lokacin fitarsa sirri ne, bai halatta su hau taswirar jama'a ba, kuma dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta ba kowa hurumin ƙin yarda a yi amfani da irin wannan bayani ba da izininsa ba. Jadawalin buɗe ƙofofi da rufe su kuwa, ana iya ba hukumomin agajin gaggawa kaɗai.

Ƙorafi na uku daga talaka yake fitowa, kuma shi ne aka fi mantawa da shi. A Abuja taswira ta sha zuwa da motar rusau a bayanta. Wanda ya ga rushe-rushen 2003 zuwa 2007 ba zai yi murna ba in aka ce za a sa rumfarsa a taswira. Kafin a shata rukunin gidajen, Gbagyi suna zaune a wannan ƙasa, kuma ƙauyen Gwarinpa da na Kado suna nan, cike da makanikai da teloli da masu wanki da guga da masu gadi waɗanda rukunin gidajen ba zai kwana ɗaya ba tare da hidimarsu ba. Shin ɓoyewa ba ta fi musu alheri ba? A ganina a'a, domin hukumar da ke rusau ta riga ta mallaki tata taswirar, kuma a cikinta wuraren nan fili ne da ke jiran mai takarda. Abin da babu shi ne taswirar da ke nuna rijiyar burtsatse, makarantar allo, maƙabarta, ɗakin shan magani da shekarun da mutane suka yi a wurin. A 2009 matasan Kibera a Nairobi suka ɗauki na'urorin GPS suka zana unguwarsu, wadda a da kusan farin fili ce a taswira, suka kuma yi amfani da zanen wajen neman haƙƙinsu kan makarantu da ruwa da tsaro. A 2019 aka yi irin wannan a Makoko ta Legas, wadda aka rushe wani sashenta a 2012. Taswira ba ta hana rusau, amma tana ba mai neman diyya ko sake matsuguni hujjar da zai riƙe. Sharaɗin shi ne mazauna su yarda, kuma su ne za su zana.

Saura ƙorafin tsada da dogaro da baƙi. Data tana da tsada, ba kowa ke karanta Turanci ba, kuma kamfanin da ya ba ka taswira kyauta yau yana iya sa mata kuɗi gobe. Wannan ya taɓa faruwa: a 2018 Google ya sauya farashin taswirarsa ga masu gina manhajoji a kanta, ƙananan masu sana'a da dama a duniya suka koma neman madadi. Amsar ita ce kada a zuba komai a rumbun kamfani ɗaya. Abin da aka sa a OpenStreetMap mallakar jama'a ne a ƙarƙashin lasisin da ya ba kowa damar kwafa da amfani, hukuma ko ɗalibi ko ɗan kasuwa, kuma tana karɓar sunan wuri ɗaya a harsuna da yawa, don haka ana iya rubuta shi da Hausa da Gbagyi da Turanci a tare. Batun data kuma, sauraron GPS ba ya cin ko sisi, zanen ƙasar ne ake saukewa, kuma ana iya sauke na Abuja gaba ɗaya sau ɗaya a ci gaba da amfani da shi babu intanet. Wanda ba ya karatu yana iya bin shuɗin layi da kibiya, kamar yadda dubban masu babur suke yi kullum. Ƙasar da ta harba tauraronta na farko, NigeriaSat-1, tun 2003, bai dace a ce sunayen titunan babban birninta suna jiran wani kamfani a Amurka ya tabbatar da su ba.

Saboda haka aikin a rabe yake, kuma babu ɓangaren da ya fi ƙarfin masu shi. Majalisar AMAC da FHA da AGIS su zauna su fitar da jeri guda na sunayen tituna da lambobin gidajen Gwarinpa, su sake shi kyauta ba tare da sunan mai gida ko ɗaya ba, su kuma tabbatar abin da ke allon bakin titi shi ne ke cikin waya. Ƙungiyoyin mazauna layuka, waɗanda suka riga suka saba tara kuɗin gadi da na shara, kowace ta wakilta matashi ɗaya ya duba layinsu a taswira sau biyu a shekara, kafin damina da bayanta, ya gyara abin da ya sauya. Shugabannin masu keke da masu babur a jawo su ciki, domin babu wanda ya kai su sanin sunayen da ke raye. Masu unguwannin ƙauyukan asali a nemi izininsu kafin a zana ko rumfa ɗaya. Kai kuma mai karatu, buɗe wayarka yau ka nemi layinku. In ka tarar da sunan ba daidai ba, ko asibitin da ke kusa da ku babu shi, ko an nuna hanya inda katanga take, ka aika gyara, ka kuma sanar da ƙungiyar layinku.